Jini, Fitsari, Numfashi Ko Gashi: Wane Gwaji Za Ka Zaɓa Wa Ma'aikatan Da Ke Mu'amala Da Sinadarai?

A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka lura cewa yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, an ba da magani, bai yi ba. Sai da aka gwada jini aka gane gubar dalma ce, daga dutsen zinare da iyaye ke niƙawa a cikin gida. Yara kusan 400 suka rasu. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Abin da ya kashe yaran nan daga wurin sana'ar manya ya fito, kuma ya daɗe a jinin manyan kafin kowa ya duba.

To, a ce kai ne mai wurin narka tsofaffin batura, ko manajan gona mai 'yan feshi talatin, ko jami'in lafiya a kamfanin jima a Sharaɗa ko Challawa, ko shugaban ƙungiyar masu haƙar zinare. Ka yarda a gwada mutanenka. Wani ya ce jini za a ɗiba a kai babban ɗakin gwaji. Wani ya zo da 'yar na'ura a jaka, ya ce minti uku an gama. Na uku ya ce fitsari ya fi arha kuma babu allura. Akwai ma mai cewa a yanko gashi a aika waje. Kuɗin da ke hannunka ba zai ɗauki duka ba. Ga yadda za ka auna su.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko, kuma shi ne uwa uba: shin gwajin yana ganin sinadarin da ke wurin aikinka? Kowane sinadari da inda yake ɓuya a jiki. Dalma tana maƙalewa a jajayen ƙwayoyin jini. Turirin zaiba ta ƙoda yake fita. Benzin ɗin da ke cikin fetur hanta ce ke sarrafa shi, burbushinsa ya fita a fitsari cikin 'yan awoyi. In ka nemi abu inda ba ya zama, takarda za ta dawo tana cewa lafiya lau, kai kuma ka biya kuɗi ka sayi kwanciyar hankalin ƙarya.

Na biyu karko, kuma iri biyu ne: tsawon lokacin da alamar sinadarin ke ɗauka a jiki kafin ta ɓace, da tsawon lokacin da samfurin zai jure a hanya kafin ya lalace. Na uku kuɗi, ba na kai ɗaya kaɗai ba, har da kwalabe, ƙanƙara, mota, wuta, da maimaitawa, domin gwaji ɗaya tak ba sa ido ba ne. Na huɗu sauƙi: wa zai ɗauki samfurin, kuma ma'aikata za su yarda? Na biyar haɗarin kuskure. Na ƙarshe, ko akwai wani adadi da hukumomin lafiya suka tsayar da za ka kwatanta sakamakon da shi. Lambar da ba ta gaya maka ka cire mutum daga wurin ko ka bar shi, ado ce kawai a cikin fayil.

Jini daga jijiya, a kai babban ɗakin gwaji

In dalma ce damuwarka, wannan ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Haka ma kadmiyam, da kuma maganin ƙwari dangin oganofosfet.

Dalmar da ke jini tana raguwa da rabi cikin kimanin wata guda bayan mutum ya bar wurin, saboda haka gwajin yana ba da labarin makonnin baya. Amma fa a jikin babban mutum sama da kashi 90 cikin 100 na dalma a ƙashi take, kuma a can shekaru gommai take yi tana tsiyayowa cikin jini kaɗan-kaɗan. Shi ya sa tsohon ma'aikaci da ya shekara goma sha biyar yana fasa batir ba zai sauko da sauri kamar yaron da ya fara bara ba, ko da rana ɗaya aka cire su. Kada ka ɗauka magani ne bai yi ba ko ɗakin gwajin ne ya yi kuskure.

Ta fuskar adadin kwatantawa, babu gwajin da ya kai shi gata. Ana ƙirga dalma da maikurogiram a kowace desilita ta jini. Dokar ma'aikata ta Amurka ta ce a cire ma'aikacin masana'anta in ya kai 60, na aikin gini in ya kai 50, kada ya koma sai ya sauka ƙasa da 40. A Ingila 60 ne ga maza manya, 30 ga matan da ke iya ɗaukar ciki. Waɗannan lambobi tsofaffi ne, kuma a ganina bai kamata ka jira su ba. Ƙungiyar ACGIH ta masana lafiyar wurin aiki ta sa nata ma'aunin a 20. Tarayyar Turai a 2024 ta sauke iyakarta daga 70 zuwa 30, za ta koma 15 daga 2029. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a 2021 duk wanda ya kai 5 a nemo inda yake samun dalmar a toshe. Hawan jini da lalacewar ƙoda suna farawa tun mutum yana tafe garau, bai san yana ɗauke da komai ba.

Maganin feshi nasa tsarin daban ne. Ba maganin ake nema a jini ba, ɓarnarsa ake aunawa. Akwai wani sinadarin jiki mai suna kolinestarez da jijiyoyin da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa ke aiki da shi, kuma magunguna irin su dikulobos (wanda ke cikin Sniper da ota-fiya-fiya) da kulofirifos suna danne shi. Matsalar ita ce kowane mutum da nasa adadin na asali, bambancin kuma yana da faɗi. Dole a gwada mutum kafin damina, bayan ya yi kamar wata guda bai taɓa maganin ba, a ajiye wannan lamba. Da ita za a riƙa kwatanta na baya. Tsarin jihar Kalifoniya, wanda wurare da yawa ke koyi da shi, ya ce in ya faɗi ƙasa da kashi 80 na asalinsa a binciki yadda yake aiki. In na jajayen ƙwayoyi ya sauka zuwa kashi 70, ko na ruwan jini zuwa kashi 60, a raba shi da maganin har ya farfaɗo zuwa 80. Wanda ya zo maka a tsakiyar Agusta ya ce zai gwada 'yan feshinka karo na farko, rabin aiki zai sayar maka. Sannan ka duba jarkokin da ke sito tukuna: in faraƙwat ne ko gilaifoset na kashe ciyawa, ko dangin fairitiroid, wannan gwaji ba ya ganinsu sam.

Kuɗi: shi ya fi tsada a kan kowane kai. Kana biyan mai ɗibar jini, kwalba ta musamman da aka tabbatar babu ƙarfe a cikinta, kula da ƙanƙara, da injin da ke buƙatar wuta tsayayya da iskar gas. Karko a hanya ba laifi: jinin gwajin dalma yana yin makonni a firij in bai daskare ya yi gudaji ba. Na kolinestarez ya fi saurin lalacewa, kuma dole ɗakin gwaji ɗaya da hanya ɗaya za a riƙa bi daga farko har ƙarshe.

Haɗarinsa biyu. Ɗaya gurɓata: ƙurar dalma a fatar hannu ko a kan tebur tana iya ɗaga sakamako, don haka a ɗebi jinin nesa da wurin aiki, bayan an wanke hannu da sabulu. Na biyu ya fi ɓoyuwa, wato ɗakin gwajin kansa. Ba duk mai injin auna ƙarfe ba ne zai iya auna dalma a jini. Injin da ke aiki da harshen wuta, wanda ya yi yawa a jami'o'inmu don gwada ruwa da ƙasa, ba shi da kaifin ganin ƙananan adadi. Ka tambaya ko suna da inji mai tanderun girafait ko kuma wanda ake kira ICP-MS. Ka tambayi rajistarsu da hukumar MLSCN mai kula da ɗakunan gwaji a Najeriya, da shaidar inganci ta ISO 15189, da ko suna shiga gwajin ƙwarewa da wasu ɗakunan na waje. Wata dabara mai arha: a raba jinin mutum ɗaya kwalba biyu, a sa musu lambobi daban, a aika tare. In sun dawo da tazara mai yawa, ka san da wa kake hulɗa.

Sai batun yarda, wanda ba na raina shi. A Kano har yau ana tuna gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau a 1996, kuma duk inda aka fito da sirinji sai wani ya tambaya ina za a kai jinin. Wasu suna tsoron a fake da wannan a yi musu gwajin ƙanjamau ko na ƙwaya. A tara su a faɗa musu abin da za a auna da abin da ba za a auna ba, a bar shugabansu ya fara miƙa hannu. Kuma a kauce wa watan azumi in da hali, don da yawa ba sa so a ɗebi jininsu da rana.

Na'urar tafi-da-gidanka: huda yatsa

Wannan ce ke jan hankalin kowa, kuma da dalili. LeadCare II, wadda aka yi aiki da ita sosai a Zamfara, ɗigon jini kaɗan take buƙata, ta ba da amsa cikin minti uku, tana aiki da batir, ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya koyonta a yini ɗaya. Kuɗinta a farko ne yake da nauyi, wato sayen na'urar. Bayan nan sai kwalin kayan gwaji mai guda 48. Kayan daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala, kuma suna da ranar lalacewa. In mutum goma sha biyu gare ka, kana gwaji sau biyu a shekara, rabin kwalin zai mutu a kabad. In ɗari uku ne a ƙauyuka biyar, ita ce mafi arha nesa ba kusa ba.

Amma ka san iyakarta. Daga 3.3 zuwa 65 take karantawa. Abin da ya wuce nan sai ta rubuta cewa ya yi sama, ba lamba. A Zamfara haka ta riƙa yi wa yara da yawa, sai da aka riƙa sirka jinin kafin a samu adadi. A wurin narka batir ko niƙa dutse, mutanen da ka fi buƙatar sanin lambarsu su ne za ta kasa faɗa maka. Ba ta son zafin da ya haura digiri 36, kai kuwa ka san yadda Afrilu take a Gusau ko Sakkwato; sai da sassafe ko a ɗaki mai sanyi. Yatsan mai aikin dalma kuma shi ne wuri mafi ƙazanta da dalma a jikinsa, in ba a wanke shi da kyau ba sakamakon zai yi sama a banza. Akwai kuma tarihin da ya kamata ka sani: a 2017 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a yi amfani da na'urorin LeadCare da jinin jijiya domin suna ba da adadi ƙasa da gaskiya, a 2021 kuma aka janye wasu rukunin kayan gwajin saboda irin wannan matsala. Wannan ba ya nufin a jefar da ita. Yana nufin a ɗauke ta a matsayin rariya: ta tace jama'a, duk wanda ta nuna ya yi sama a tabbatar da jinin jijiya a babban ɗaki, sannan a riƙa aika wasu daga cikin waɗanda ta wanke su ma don a ga ko tana faɗin gaskiya.

Kolinestarez ma yana da irin wannan akwati, Test-mate, kuma ga gona mai nisa da gari yana da amfani ƙwarai, musamman ga magungunan dangin kabamet waɗanda tasirinsu ke warwarewa cikin awoyi, kafin jini ya isa birni alamar ta gudu. Sharaɗin lambar asali yana nan daram.

Za a iya kawo maka tayin gwajin ZPP, shi ma na yatsa ne kuma yana da arha. Yana nuna yadda dalma ta hana jiki ƙera jini a watanni uku zuwa huɗu da suka wuce. Sai dai yana jinkirin tashi, ba ya motsi sosai a ƙananan adadi, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana ɗaga shi ko babu dalma. A inda ƙarancin jini ya zama ruwan dare, zai yi ta ruɗa ka. Abokin rakiya ne, ba ya tsayawa shi kaɗai.

Fitsari

Ga sinadarai da yawa fitsari ba zaɓi na biyu ba ne, shi ne daidai. Mai ƙona dunƙulen zaiba da zinare turiri yake shaƙa, kuma a fitsari ake ganinsa. Ma'aunin ACGIH maikurogiram 20 ne a kowane giram na kiratinin (wani dattin jiki da ƙoda ke fitarwa a fitsarin kowa), a ɗauka da safe kafin a fara aiki. Zaiba tana yin kamar wata biyu kafin ta ragu da rabi, don haka ba a cika damuwa da wace rana ba. Kuromiyam na masu walda da bakin ƙarfe mara tsatsa da masu rufin kurom, a fitsari ne, a ƙarshen aikin ranar ƙarshe ta mako. Benzin na ma'aikatan gidan mai, da depo, da 'yan bumburutu, a fitsari ne. Tolwin da zailin na masu fenti, gam da tina, haka. Aisosayanet da ke cikin fentin mota mai haɗi biyu, wanda ke jawo asma, shi ma haka. Asanik ma.

Ɗaukarsa ba allura, ba ma'aikacin jinya, kwalba ce da murfi. Shi ya sa ake cewa yana da arha, kuma a wajen ɗauka gaskiya ne. A wajen aunawa kuwa ya danganta. Ƙarafa irin zaiba da kuromiyam kuɗinsu kusan ɗaya da na jini. Burbushin benzin mai suna SPMA yana buƙatar inji mai tsada da ba kowane gari ke da shi ba, wani lokaci sai an daskarar da samfurin an tura nesa. Akwai mai arha da ake kira ttMA, amma wani sinadarin hana abinci lalacewa da ke cikin lemon kwalba da kayan gwangwani yana ɗaga shi. Taba sigari kuwa tana ɗaga duka biyun, dole a rubuta wa ke sha.

Inda aka fi faɗuwa a gwajin fitsari shi ne agogo. Burbushin fetur, tina da fenti awoyi kaɗan yake yi. In ka tara fitsari ranar Litinin da safe bayan hutun mako, kowa zai fito tas, har wanda ke wanka da tina. Dole a ɗauka daidai lokacin tashi daga aiki, a ranar da aka yi aikin sosai, ba ranar da aka share wuri don baƙi ba. Kuma a cire kayan aiki a wanke hannu kafin a taɓa kwalbar, don ƙwayar ƙura ɗaya ta kuromiyam ta isa ta ɓata sakamako.

Sai kaurin fitsarin. Wanda ya wuni a rana bai sha ruwa ba fitsarinsa zai yi kauri, komai ya fito da yawa. Wanda ya shanye leda biyar ta fiya-wata kafin gwaji nasa zai tsinke. Don haka ake auna kiratinin a gyara lissafi, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce a yar da samfurin da kiratinin ɗinsa ya gaza giram 0.3 ko ya wuce 3 a lita, a sake ɗauka. A bazararmu, balle da azumi, za ka yar da da yawa. Ka sa wannan cikin kasafi. Zafi kuma yana ruɓar da fitsari da wuri, sai da kula da ƙanƙara tun daga bakin ƙofa. Mai gwajin asanik ya bar kifin teku da kirefish na 'yan kwanaki, in ba haka ba miyar gida za a auna.

Abu biyu ka ƙi. Kada a sayar maka da gwajin fitsari don dalmar batir ko ta dutse. Jini ne wurinta. Kuma kada ka yarda da wanda zai ba mutum maganin fitar da ƙarfe sannan ya auna fitsarinsa. Kowa aka yi wa haka lambarsa za ta tashi, babu ma'aunin kwatanta ta, yawanci share fage ne na sayar da magani.

Game da majema: yawancin jimar zamani da kuromiyam mai lamba uku ake yi, wanda bai kai mai lamba shida haɗari ba, gwajin fitsari na gama-gari kuma ba ya rarrabe su. Ka fara sanin wane gishiri ake zubawa a ganga kafin ka tsorata ma'aikata da lamba.

Numfashi

Amfaninsa ƙunci ne amma yana da kyau a inda ya dace: hayaƙin kabon monoksaid. Masu gyaran janareta, ma'aikatan gidan burodi mai itace, masu aiki a garejin da iska ba ta ratsawa. Mutum ya riƙe numfashi ya hura a na'ura, lamba ta fito nan take. Bayan sayen na'urar, abin da za ka riƙa kashewa bakin hurawa ne da saita ta lokaci-lokaci. Babu samfurin da za a adana. Gas ɗin yana raguwa da rabi cikin awa huɗu zuwa biyar, saboda haka a bakin aiki za a yi, lokacin tashi. Mai shan sigari ko shisha zai fito sama ko bai je aiki ba. Ga dalma, zaiba ko maganin feshi, babu abin da zai gaya maka.

Gashi da farce

A takarda abin sha'awa ne. Gashi yana tsiro kamar santimita ɗaya a wata, ba ya ruɓewa, ambulan ya ishe shi, ba ƙanƙara. A aikace kuwa, gashin mai aiki cikin ƙura ya sha ƙurar daga waje, kuma babu wankin da ke raba ta waje da ta ciki sarai. Rini, man kitso, lalle, duk suna shiga lissafi. Wani kwamitin masana da hukumar ATSDR ta Amurka mai kula da abubuwa masu guba ta tara a 2001 ya ƙare a kan cewa in ban da zaibar da ake samu ta cin kifi, gashi ba abin dogaro ba ne wajen yanke hukunci a kan mutum. Ka lura, wannan zaibar ta kifi ce, ba turirin da mai ƙona zinare ke shaƙa ba. Ƙara da cewa rabin mazan wurin aikinka sun yi aski tal-kwabo, sauran kuma ka je ka ce su ba ka gashinsu da farcensu ka ga irin kallon da za su yi maka. Ban ga dalilin kashe kuɗin sa ido a nan ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Ta dace da | Lokacin da take nunawa | Kuɗi | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Jinin jijiya | Dalma, kadmiyam, maganin oganofosfet | Makonni | Mai tsada a kowane kai | Sai ƙwararre, sai sanyi | Ɗakin gwaji mara inganci |
| Na'urar yatsa | Tace jama'a don dalma ko kolinestarez | Makonni | Nauyi a farko, arha in mutane na da yawa | Mai sauƙi | Dattin yatsa, zafi, iyakar 65 |
| Fitsari | Zaiba, kuromiyam, asanik, benzin, tina, fenti | Awoyi zuwa watanni, gwargwadon sinadari | Matsakaici zuwa mai tsada | Ɗauka da sauƙi, adanawa da wuya | Kuskuren lokaci, kauri ko tsinkewa |
| Numfashi | Kabon monoksaid | Awoyi | Mai arha | Mafi sauƙi | Sigari da shisha |
| Gashi da farce | Zaibar kifi | Watanni | Matsakaici | Aikawa da sauƙi, yarda da wuya | Ƙurar waje, babu ma'auni |

Kafin ka sa hannu

Wani zai ce me ya sa ba za a auna iskar wurin kawai ba, a bar jikin mutane? Auna iska da 'yar famfon da ake maƙalawa a wuyan riga yana da amfaninsa, shi ke nuna wane inji ko wane lungu ne ke fitar da guba. Amma ba ya ganin abin da ya shiga ta fata, ko wanda aka ci da goro da hannu mai ƙura, ko takunkumin da ke rataye a haɓa. In kuɗin abu ɗaya gare ka kuma sinadarin dalma ne ko maganin feshi, jiki za ka auna.

Ka kuma yanke tun yanzu abin da za ka yi in lamba ta fito sama. In amsar ita ce sallama, to ka sani karo na biyu babu wanda zai zo, masu ciwon ma su za su fara ɓuya. A mayar da mutum wani sashe da albashinsa, likita ya riƙe sakamakon kowa a asirce ya faɗa wa mai shi, kai a ba ka na jimla da shawarar wa ya kamata a matsar. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tsaurara a kai, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta haɗa da cututtukan da sana'a ke jawowa. Gwangwanin madara da ake raba wa ma'aikata da sunan wanke guba ba ya wanke komai. Maganin fitar da dalma kuwa na likita ne, ba a ba mutum shi don ya ci gaba da zama cikin ƙurar.

Wa ya dace da wanne

Mai narka batir, mai gyaran lagireto da dalma, mai kankare tsohon fenti, in ma'aikata ba su wuce 'yan gommai ba kuma kana kusa da birni: jinin jijiya, kafin a ɗauki mutum aiki, sannan aƙalla duk wata shida, a matso da shi kusa-kusa ga wanda lambarsa ke hawa. Kada ka sayi na'ura.

Ƙungiyar masu haƙa da niƙa dutsen zinare a karkara: na'urar yatsa don tacewa, da yarjejeniya da babban ɗaki don tabbatarwa. In ana ƙona zaiba, a ƙara fitsarin safe ga masu ƙonawa da masu sayen zinare da ke sake ƙona shi a shago. A nan kada a tsaya kan ma'aikata. A gwada yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki a gidajensu, a kuma tambaya ko ana sa wa yaran kwalli, don wani kwallin dutsen dalma ne tsantsa.

Gona ko kamfanin feshin gidaje da rumbuna: kolinestarez, lambar asali a rani, maimaici a tsakiyar lokacin feshi. In gonar ta yi nisa da gari, akwatin tafi-da-gidanka. In maganin ciyawa kaɗai kuke fesawa, kuɗin ya tafi kan safar hannu, takalmin roba, gyaran famfon da ke yoyo a baya, da ruwan wanka.

Gidan mai, depo, gidan fenti, masu gam da takalma: fitsarin ƙarshen aiki, a fara da mutum kaɗan da suka fi kusa da abin, masu sauke tanka da masu riƙe bindigar fenti. In nasu ya fito ƙasa a ranar aiki mai nauyi, ba sai ka bi kowa ba.

Masu walda da bakin ƙarfe mara tsatsa da masu rufin kurom: fitsari, ranar ƙarshe ta makon aiki. Gidan burodi da garejin janareta: na'urar numfashi ɗaya ta ishi unguwa guda in masu sana'ar suka haɗa kuɗi, a ajiye ta wurin sakataren ƙungiya, a riƙa zagayawa da ita da yamma lokacin da ake kashe wuta.